Sunan da Na Kira a Zauren Jumbaz

'Yata ta fari ba ta taɓa shiga ɗaki da tafiya irin ta mutane ba. In ba da tsalle ta shigo ba, to da alkafura ne, ƙafafu a sama, riga ta rufe fuska. A Riyad aka haife ta, bayan na biyo maigidana da ke aikin injiniya, ni ma na samu aikin jinya a wani asibiti. Kujerun falonmu ne suka fara shan wahalarta. Da maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa ta gaji da jin dirar ƙafa a saman kanta, sai ta hawo da farantin dabino da shawara: mu kai yarinyar nan wajen jumbaz kafin ta rushe mana gida. Jumbaz suke kiran wasan nan na tsalle da lanƙwasa jiki da ake gani a manyan gasanni, kuma tun ranar kalmar ta zauna a bakinmu.

Ni nake kai ta. In taso daga aiki ƙafata a kumbure, in kira mota a waya, mu ratsa cunkoson yamma, in zauna a benci ina gyangyaɗi tana ta juyi a iska. Ni na ƙara wa rigar wasanta dogon hannu da wando har idon sawu, da allura da zare, don telan unguwarmu ya ce bai san kan wannan yadi mai santsi ba. In ta dawo da targaɗe ni ke gasa mata da ruwan zafi, ina gasawa ina faɗa.

Abu ɗaya ne ba na yi: ba na kiran sunanta. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata ta ci, kunya biyu ke nan a kaina. "Ke" nake ce mata, in da mutane in ce "babbar". Ƙannenta biyu kuwa ina kiran sunansu har maƙogwarona ya bushe. Haka na ga uwata ta yi da yayanmu, haka kakata ta yi da ita, kuma ban taɓa jin wanda ya kai ƙara ba.

Shekarar da ta kusa gama firamare aka kawo wata babbar gasar wasanni ta ƙasashe garin, irin wadda ake haɗa gudu da iyo da kokawa da komai a wuri guda. Malamarsu ta horo, wadda yaran ke ce wa Kaftin, ta ce an nemi ƙananan 'yan mata su yi ɗan nuni a tsakiyar fili ranar ƙarshe ta jumbaz, a lokacin hutun da ake yi bayan an ba da lambobin farko. Ta zaɓi kaɗan, 'yata na ciki. Babu lambar da za a ba su, amma in ka ga murnar da aka yi a gidanmu sai ka rantse zinaren ya riga ya iso.

Ana cikin haka Hajiya, surukata, ta gama Umra ta biyo ta wajenmu. Daga filin jirgi ta fara tsokanar jikarta. Takwara take ce mata. Da ta ga takwarar ta tsaya da hannu ƙafafu a sama tana gaishe ta, sai ta riƙe haɓa.

"A zamaninmu mace ta yi haka, sai a nemo mai ruƙiyya," in ji ta. "Sauko ki gaishe ni da kai a sama, kada ki ɓata mini suna."

Saura 'yan kwanaki a yi nunin, ina kicin da yamma ina yanka kuɓewa, yarinyar ta shigo. Da tafiya ta shigo, shi ya sa na ɗago kai.

"Mama, ranar nan za ki kira sunana?"

"In kira shi in kai shi ina?"

"Kowa idan ya fito mamansa tana kiransa da ƙarfi. Maman ƙawata har tsalle take yi. Ke kina zaune bas, kamar kin zo ganin likita. Lesh, Mama?"

Hausarta ke nan, rabi namu rabi na Larabawa: "bas" wai kawai, "lesh" wai don me. Na yi dariya, na ce ina ta taɓa jin uwa ta ɗauki sunan 'yar fari tana shela da shi cikin jama'a, kuma sunan wa, sunan kakarta da ke zaune can a falo tana jan carbi.

Ba ta yi dariya ba. "Ni ban ce a haife ni farko ba," ta ce. "Idan ba za ki kira ba, khalas, shi ke nan, ki zauna a gida. Abba ya kai ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake bin titi da ita shekara da shekaru, ni za a ce wa in zauna a gida? Na kai ƙara wajen babanta, shi kuwa dariya ya mayar da abin. Shi ma ɗan fari ne. Ya ce ga shi da furfura a gemu Hajiya ba ta taɓa kiransa da abin da ya wuce "wannan" ba, kuma bai rame ba. Ina shirin in ce ai kuwa gaskiyarka, sai na tuna bambancinsu. Shi ya girma a unguwar da kowa ya san abin da shirun uwa ke nufi, har ana yi masa kirari da shi. Ita fa? Ita ta girma cikin matan da ke sumbatar 'ya'yansu a bakin ƙofar makaranta suna kiransu hasken idona. A cikin aji guda ita kaɗai ce uwarta ba ta san bakin sunanta ba. Abin da ni nake gani girmamawa ne, ita ba ta ga komai a ciki ba sai uwar da ba ta damu ba. Wannan tunanin ya tsaya mini a ƙirji, amma ban ga yadda zan yi ba, ga Hajiya a gida.

Ranar ta zo, ban zauna a gida ba. Babanta ya kai ta tun da safe ya wuce da ƙannen wajen abokansa a wancan ɓangaren na zauren wasan, ni da Hajiya muka biyo jirgin ƙasa na cikin gari bayan azahar. Hajiya ta ƙi yarda babu direba a gabansa, sai da na kai ta ta leƙa da idonta, ta yi salati ta koma ta zauna tana riƙe da ƙarfe da hannu biyu.

Zauren ƙato ne, ga sanyi kamar cikin firji, tutocin ƙasashe sun jeru a sama. Na zaci Hajiya za ta gaji. Ina! Ita ce ta fi kowa kallo a layinmu. Da aka fara wasan sanduna biyu, ɗaya ta fi ɗaya tsayi, 'yan mata na lilo suna sakin wannan suna cafke waccan, ta ce waɗannan iyayensu ba su da hawan jini. Da maza suka rataye a zobba biyu suka buɗe hannu suka tsaya cak a iska, ta ce wannan a kawo mata shi ya yi mata dakan gero. Wasan gudu a doka tebur a yi juyi a sama kuwa bai burge ta ba, wai kafin ta gyara tabarau an gama.

Wanda ya kama ta shi ne na katako. Wani dogon katako ne a sama, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, a kai ake tafiya da juyi da alkafura. Zauren duk ya yi tsit, sai ƙarar ƙafa a kan itace. Wata doguwa da kowa ya sa wa ido ta zame ta faɗo, aka yi "ah" gaba ɗaya, Hajiya ta dafe ƙirji tana yi mata addu'a kamar 'yar maƙwabta. Wata 'yar ƙarama mai ɗaurin gashi kamar na 'yan firamare ta hau a ƙarshe, ta yi nata tsaf, ta diro ƙafa biyu ko motsi ba ta yi ba. Alƙalai suka duƙufa, maki ya fito, ita ta ci zinare.

Aka kawo lambobin a kan faranti, zinare da azurfa da tagulla, aka ɗaga tutoci, aka buga taken ƙasar mai zinaren. Ita kuwa tana tsaye a kan dakalin tsakiya idonta ba ya kan tuta. Sai waige-waige take cikin jama'a. Can wata mata mai ƙiba a bayanmu ta miƙe ta kurma ihu da sunanta, muryar duk ta dishe. Yarinyar ta juyo, ta gan ta, sai fuskar nan da ta daure a kan katako ta narke, ta fashe da kuka tana ɗaga lambar. Na saci kallon Hajiya. Carbinta kawai take ja.

Sai aka sa kiɗa mai sauri, ƙananan suka fito a jere da rigunansu masu ƙyalli, tawa ce mai dogon hannu. Tsarin shi ne kowace ta tsaya a kusurwar shimfiɗa, ta ɗaga hannu, ta sheƙo a guje ta yi juyinta zuwa ɗaya kusurwar. Ta farko ta ɗaga hannu, uwarta ta ƙwala mata kira daga can nesa. Ta biyu har da goggonninta da ganga. Haka aka yi ta yi, layi yana ƙarewa, ana matsowa kan tawa.

Aka zo kanta. Ta tsaya a kusurwa, ta ɗaga hannu, ta juyo da fuska daidai inda muke zaune. Ba ta ruga ba. Kaftin ta yi mata alama da hannu, yalla, wato maza, ita kuwa tana tsaye tana kallona. Na miƙe. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito sai iska. Sunan yana kan harshena, mai sunan tana zaune kafaɗarta na gogar tawa, kunya ta hana ni faɗa.

Sai na ji motsi a gefena. Hajiya ta ajiye carbi a cinya, ta ja mayafi ta rufe kai, ta juya fuska ga bango, ta cusa yatsu biyu a kunnuwa.

"Wannan kiɗa nasu ya toshe mini kunne," ta faɗa wa bangon. "Ni yanzu ko me za a faɗa a nan ba na ji."

Na kira. Muryata ta fito 'yar siririya, kamar ta mai tambayar hanya.

"Ƙara ƙarfi, ba ta ji ba," in ji matar da ba ta jin komai.

Dariya da kuka suka taho mini tare. Na cika ƙirji na ƙwala sunan nan da muryar da nake kiran likita in majinyaci ya rikice, har mutanen gabanmu suka waigo. Na ga haƙoranta tun daga inda nake. Ta sheƙo a guje, hannu ƙasa, ƙafa sama, ta sake, ta sake, ta tashi a iska ta diro. Ta ɗan yi taga-taga a dirar, taku ɗaya ya kuɓuce mata, ko a jikinta, tana tsaye tana ɗago mini hannu biyu har sai da Kaftin ta janye ta don mai bi mata ta samu wuri. Hajiya kuwa ta manta kunnenta a toshe yake, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta gidan biki. Larabawan da ke kusa da mu suka ji abin ya yi kama da nasu, suka amsa mata, layinmu duk ya kaure. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Da aka tashi muka jira ta a farfajiya, rana ta yi sanyi, jama'a na ta fitowa. Ta ɓullo da jakarta a baya, hannunta duk farin garin da suke shafawa, ta faɗo jikina ta ɓata mini baƙar abaya.

"Na ji ki, Mama! Na ji!"

"To, ai sai ki bar ni in huta."

"Ki sake."

Na kalli Hajiya. Matar da tun zuwanta take kukan gwiwa sai ga ta ta ɗaga ƙafa ta yi gaba da sauri, wai za ta je ta duba ko mai shayin can yana da citta. Ta ba mu baya, ta yi nisa, ba ta waiwayo ba.

Na sunkuya, na kai bakina kunnen yarinyar, gashinta duk gumi, na faɗi sunan a hankali yadda aka raɗa mata shi ranar suna. Ta ƙanƙame ni. Sannan ta ɗago kai, ido ya cika da ƙwalla, ta amsa da cikakkiyar Hausa ba gauraye:

"Na'am, Mama."