Hancin Inna da Jarkar Man Zaitun

Shekara ashirin da bakwai Inna ta yi tana haɗa man shafawa da sabulu a ɗakin da ke bayan gidanta, kuma duk layin ba a kiran ta da komai sai Mai Hanci. Hancin nata ɗan ƙarami ne ma. Abin da ya jawo sunan shi ne, in aka kawo mata mai ba ta tambayar mai sayarwa. Takan ɗiga ɗigo ɗaya a bayan hannu, ta murza, ta rufe da tafin ɗaya hannun har ta yi salati uku, sannan ta sansana. Ɗumin jiki, in ji ta, shi ke sa mai ya faɗi gaskiya.

Ta san kowanne da halinsa, kamar uwa da 'ya'yanta. Man kaɗanya mai nauyi ne, na faso da gwiwar hannu. Man riɗi yana shigewa fata kafin ka juya. Man kwakwa na gashi ne, man darbejiya kuwa wari gare shi kamar ya kori baƙo, amma ƙuraje na jin tsoronsa. Kakin zuma shi ne dattijon da ke riƙe su duka kada su tarwatse. Mazambata sun sha gwada ta. Wani ya taɓa kawo man kaɗanya da aka cuɗa da kitse, ta sansana sau ɗaya ta ce masa ya mayar wa mahauci kayansa.

Autarta ce ke taya ta aiki, mace mai aure, da cikinta na fari wata huɗu. Ita ta kawo tsarin manna takarda a jikin kwalba, ana rubuta abin da ke ciki: tatsar farko, tatsar sanyi, ba gauraye. Inna ba ta hana ba. Ta dai ce takarda ba ta da hanci.

Abin da Auta ba ta sani ba shi ne hancin Innar ma ya mutu. Zazzaɓi da mura suka kwantar da ita mako biyu, ta tashi lafiya, sai wata rana kaki ya ƙone a tukunya, ta ga hayaƙi ya cika ɗaki amma ba ta ji ƙauri ba. Ta buɗe kwalbar darbejiya ta cusa hanci. Kamar ruwan randa. Ta rufe, ba ta faɗa wa kowa ba. Wata biyar tana ɗiga mai a bayan hannu, tana salati uku, tana sansanawa, tana gyaɗa kai. Kullum bayan sallah takan ce gobe za ta faɗa wa Auta.

Ana cikin haka ungozomar da ke tsallaken titi ta ce a haɗa mata kwalba arba'in na man jarirai, za ta riƙa ba masu jego. Man zaitun take so, da kakin zuma, da ɗan ƙamshi kaɗan. Ranar kuwa sai ga Mai Jarka, wani dillalin mai da ke yawo da kaya a bayan babur, ya sauke jarka mai ruwan ɗorawa a ƙofar ɗakin.

"Hajiya, wannan tatsar farko ne. Don ke na ɓoye shi, na san ba a yi miki wasa."

Yana buɗe murfi Auta ta toshe baki da gefen mayafi.

"Inna, ƙarni nake ji."

"Ke da ruwan famfo ma ƙarni yake miki?" in ji Mai Jarka yana dariya. "Ƙanwata, ɗan da ke cikinki ne ba ya son kasuwata."

Inna ta ɗiga, ta murza, ta yi salatinta uku. Mai ne garau, launinsa mai kyau. Idanu huɗu na kanta. Da a ce ita kaɗai ce da 'yarta, wataƙila da ta faɗa. Amma a gaban dillali?

"Laulayi ne ke damun ki. Man lafiya lau yake."

Auta ta juya ta ɗauko tukunyar kaki. Wa zai yi gardama da Mai Hanci? Suka narka kaki, suka zuba man, suka ɗiga man ɓawon lemo don ƙamshi. Auta na fita tana amai tana dawowa tana manna takarda. Da la'asar ungozoma ta ɗauki kwalba goma sha biyu, ta ce sauran sai jibi.

Washegari da hantsi Inna ta shiga ɗakin ta tarar da magen maƙwabta a kan teburi, kanta cikin kwalbar da ba a rufe ba, tana lasa har da lumshe ido. Wannan magen shekara shida tana yawo a kan katanga, ba ta taɓa leƙa ɗakin ba saboda warin darbejiya. Inna ta kore ta da tsintsiya. Maimakon ta fita, sai ta zagaya ta kama lasar bakin jarkar.

Inna ta ajiye tsintsiyar. Mage da man zaitun?

Ta ɗaura farin ƙyalle a bakin roba, ta kifa jarkar, ta girgiza ragowar. Da fari mai ne ya zubo. Daga baya wani baƙin dagwalo ya biyo, mai kauri kamar kwata, yana faɗowa guda-guda. Ta baza shi da cokali. Ƙonannen gari. Ɓawon kifi guda uku suna ƙyalli. Wata siririyar ƙaya. Da ƙafar kyankyaso. Man da aka soya kifi da shi ne har ya gaji, aka tace, aka wanke masa launi, aka ɗura. Kuma da hannunta ta zuba shi a kwalba ta sa aka rubuta ba gauraye, don a shafa wa jaririn da cibiyarsa ba ta faɗi ba.

Ta kai ƙyallen dab da fuskarta. Ƙudaje sun riga sun taru. Ita ba ta ji komai ba. Ta wanke bayan hannunta da sabulu sau huɗu.

Auta ta shigo, tun daga ƙofa ta juya da gudu. Da ta dawo tana goge baki, Inna ta nuna mata ƙyallen.

"Allah ya isa tsakaninmu da mutumin nan," in ji Auta. "Amma Inna, ke ya aka yi..."

"Shi ya yi algus, zai gamu da Mai Sama. Ni kuma na yi miki ƙarya. Tun zazzaɓin nan hancina bai ƙara jin komai ba. Ɗauko min mayafi."

"Bari in je ni. Sai in ce kuskure aka yi wajen awo."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zauna."

Ta tsallaka titi. Ungozoma na shanya ƙyallaye a igiya, Inna ta faɗa mata komai a tsaye, har da maganar hancin. Ungozoma ta yamutsa fuska ta tofar da yawu gefe.

"Yaya, uku na riga na bayar. Ɗaya ma ta aiko da safe wai yaronta na ƙarni, na ce tumbuɗi ne."

"Nuna min gidajen."

Gida uku ta shiga da ƙafarta, ta yi sallama, ta karɓi kwalba, ta ce a yi wa yaro wanka da ruwan ɗumi, ta nemi gafara. A gida na uku kakar jaririn ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To, yanzu Mai Me za mu ce miki?" Inna ta ce duk wanda suka ga dama. Kafin azahar labari ya gama layin. Ungozoma ta maido mata kwalba tara da suka rage a hannunta, ta ce maganar sabon haɗi a bar ta tukuna, sai ta yi tunani.

Arba'in ɗin duka Inna ta kwashe da cokali ta zuba a rami bayan gida, ta rufe da ƙasa, ta ɗora dutse saboda magen. Kwalaben ta tafasa sau biyu. Mai Jarka bai sake biyowa ta layin ba.

Bayan kwana tara wani dillalin ya kawo man riɗi. Ya miƙa wa Inna murfin, kamar yadda kowa ya saba. Inna ta kamo hannun Auta, ta juya bayansa, ta ɗiga ɗigo ɗaya.

"Murza. Rufe da tafinki. Salati uku, kada ki yi sauri."

Auta ta sansana, ta daɗe, sannan ta dubi uwarta.

"Ba ni za ki kalla ba," in ji Inna. "Me kika ji?"