Fulawar da Ke Kan Tagar Yaya

Auta ya sunkuya zai sa takalmi, ya manta shekaru sun ƙara masa faɗi ta baya. Sai jin fashewar kasko ya yi. Fulawar nan mai kaurin ganye da ke kan tagar yayarsa ta yi ɗai-ɗai a siminti.

Da zagi Yaya ta yi masa, da ya ji sauƙi. Durƙusawa ta yi tana tsince karyayyun rassan a haɓar zaninta. Marigayiya 'yarta ce ta dasa ta. Kayan marigayiyar duk an rabar, wannan kaɗai Yaya ta hana a taɓa.

Yaya mai wanki ce. Tun tana budurwa hannunta ke cikin kumfa, har yatsun sun yi fari sun tattare. Da wanki ta aurar da ƙannenta, da shi ta yi jinyar 'yarta. A wurinta, duk abin da ya lalace ruwa ne maganinsa.

Auta ya ruga wurin mai sayar da furanni a bakin titi. Mutumin ya ce a bar rassan a inuwa bakin karayar ya bushe, sannan a soka su a yashi, kuma a yi musu rowar ruwa. Yaya ta ce ita ba ta taɓa barin mara lafiya da ƙishirwa ba. Ta jera su a gwangwanayen madara, safe ruwa, yamma ruwa. Ɗaya bayan ɗaya gindinsu ya yi baƙi ya narke. Ta daina karɓar wanki. Auta ya ɓoye buta, ta koma ɗiba da ludayi. Ranar da na ƙarshe ya ruɓe, ta zauna da gwangwanin a cinya, ko abinci ba ta kalla ba.

Da ya rasa abin yi, ya ɗauki tsintsiya, abin da bai taɓa yi a gidan ba. Daga ƙarƙashin kabad ya sharo wani ɗan reshe, ya yamushe, amma ga fararen saiwoyi siri-siri a gindinsa.

Ya miƙa wa Yaya, ta karɓa. Ta dubi buta, ta ɗauke kai.

"Kin gani, Yaya? Wanda aka manta da shi ne ya rayu."

"Kai ma haka Inna ta manta da kai ka rayu," in ji ta. "Sai dai har yau ba ka yi saiwa ba. Matsa daga tagar nan."