Tafintan da Hannunsa Ya Fi Bakinsa

Narelle, mai gonar inabi a Mildura, tana ƙare wa tafintan kallo. 'Yan Brazil masu neman aikin girbi ne suka zo da shi. Gajere ne mai tumbi, malafarsa ta fi kafaɗunsa faɗi, yatsunsa duk kanta. Da gani a gonar kofi ya tsufa, ba a aji ba.

Ba ya yarda da kalma sai hannunsa ya yi mata shaida. In ya ce "yanka", sai ya sari iska.

Ta ce, "Tambaye su yadda suke girbi a garinsu."

Wata daga cikinsu ta amsa da kalma ɗaya a yaren Fotugal. Ya lalubi Turancinta, babu. Sai ya damƙi nonon inabin da ya fi kowanne kyau, ya zuge shi daga sama har ƙasa, yadda ake yi wa reshen kofi. Ruwan ya fantsamo wa Narelle a fuska.

"Ma'anar ke nan, uwar ɗakina."

Ta share idonta. "Na ɗauke ku aiki. Amma kai, hannu a aljihu."

Ga shi can tsaye yana ta motsa baki, ko "mun gode" ta gagare shi fassarawa.