Ranar da Cunkoso Ya Ɓuya

Shekara goma sha tara tana ƙirga motoci, kuma har yau ko keke ba ta iya tuƙawa ba. Aikinta ke nan a ofishin tsara hanyoyi: a ajiye ta bakin titi da kujera, da takarda, da wata 'yar na'ura da take dannawa duk sanda mota ta gifta. Ƙarar na'urar ce ta zame mata suna. Kowa Ƙas-ƙas yake ce mata, har jikokinta, marasa kunya.

Kada ku raina aikin fa. Kowane minti goma sha biyar tana rubuta adadi, bas daban, babura daban, manyan motoci daban. Tsawon layi kuwa da turakun lantarki take auna shi. In motoci suka tsaya iya turke na huɗu, da sauƙi. In suka kai na tara, mai sauri gara ya sauka ya taka. Sannan ta zaɓi mota ɗaya, ta duba agogo, ta ga minti nawa za ta ci kafin ta kuɓuta.

Bana sai shugaban sashensu, wani matashin injiniya mai tsananin son ƙa'ida, ya ce fitilar ba da hannu ɗaya tak aka ware, kuma mararrabar da lissafi ya nuna ta fi cushewa ita za a kafa wa. Ƙas-ƙas ta ji kamar ta taka rawa, don mararrabar unguwarsu ba ta da tsara a cunkoso. Nan mijinta, mai gyaran agogo, yake tsallakawa kullum zuwa shagonsa, da sanda da gwiwa mai ciwo, babura na faɗo masa ta inda bai zata ba. Sau biyu ana zubar da shi. Ba ta cika faɗa ba, amma tsoro take ji duk safiyar da ya fita.

Aka ba ta kwana uku a wurin, tare da sabuwar dokar Injiniya: duk mai ƙidaya sai ya sa riga mai ƙyalli, don kada mota ta kwashe shi.

Ran Litinin ta kafa kujera, ta sha rigarta, ta zaro biro. Ai kuwa sai abin mamaki! Direbobin bas da suka saba lodi a tsakiyar titi suka hango ƙyalli da takarda, suka ɗauka lambar masu laifi ake rubutawa. Kowa ya nutsu, ya bi layi kamar mutumin kirki. Har mai sayar da takalma, wanda ya san ta tun tana amarya, ya ja teburinsa baya yana cewa ashe an ƙara mata girma. Titi ya yi fes. Layi ko turke na biyu bai kai ba. Talata ma haka.

Mijin kuwa daɗi ya kashe shi. Da yamma ya ce, “Uwargida, ki dawwama a wurin mana. Yau cikin minti ɗaya na tsallaka.”

“Maigida, ni ce fitilar? Jibi za a ɗauke ni, kowa ya koma halinsa, lissafi kuma ya ce lafiyarku lau.”

“To ki ɗan ƙara wa lambobin gishiri.”

Ta watsa masa harara. Ita da ba ta taɓa rubuta motar da idonta bai gani ba? Ta ɗauki waya ta kira Injiniya, ta roƙe shi ya bar ta ta cire rigar. Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, ƙidayar da aka yi babu riga ba na karɓa.” Ta ce, “To Yallaɓai, gobe ƙarfe takwas ka zo ka gani da idonka.”

Laraba, ranar ƙarshe, ta sa rigar, ta lulluɓe ta da wani tsohon mayafi mai kauri. Ta bar kujera a gida, ta zauna kan bencin ƙofar shagon mijinta, takarda a cikin jarida, na'ura a ƙarƙashin mayafi. Kafin bakwai da rabi cunkoso ya dawo da ƙarfinsa. Bas uku sun tare hanya, ƙaho ta ko'ina, wani direba ya fito yana rantse-rantse. Gumi na bin bayanta, ita kuwa sai murmushi take, tana ƙas, ƙas, ƙas. Layi ya wuce turke na sha ɗaya.

Tara ta gota kafin ta hango Injiniya, a ƙafa, tsaye a tsakiyar titi ya rungume jakarsa. Gaba babur, baya babur, ya rasa ta inda zai bi. Mai agogo ne ya ɗingisa da sandarsa ya je ya riƙo hannunsa, ya fito da shi.

Da ya huce ya ce, “Inna, ina rigar?”

Ta ɗaga gefen mayafi, ƙyalli ya leƙo. Ya tuntsire da dariya, sannan ya ce motarsa ya baro a can da direba.

“Na sani, Yallaɓai. Tana turke na takwas. Ita na zaɓa nake aunawa, mintinta arba'in da biyu yanzu.”

Ya karɓi takardar ya bi ta layi-layi, dariyar ta ragu. Ya dubi titin, ya dubi gwiwar tsohon.

“Baba, kullum haka kake tsallakawa?”

“Safe da yamma, ɗana. Shekara talatin.”

Bai nemi tebur ba. A kan cinyarsa ya sa hannu, ya rubuta sunan mararrabar a sama, a matsayin wurin da za a kafa fitilar. Ƙas-ƙas ta goge ido da bakin mayafi, ta ce gumi ne, ta ci gaba da dannawa, don saura minti takwas ta rubuta adadi na gaba.