Garwashin Iya Tabawa da Tsakin Hajara

Ni dai bokona a aji huɗu ya tsaya, ba don na gaji ba, malamin ne ya gaji. Saboda haka duk wanda ya ga harafi ya karkace a rubutun nan, ya miƙar da shi da kansa, ladansa na wajen Allah. Tuƙi na sani. Na tuƙa Alhaji har muka yi furfura tare. Da idona ya fara gardama da titi sai Alhaji ya karɓi makulli, ya bar mini ɗaki biyu a bayan gidansa a nan Nassarawa, ni da mai ɗakina Hajara.

A unguwar nan murɗa gas ake yi, wuta ta tashi kamar an kira sunanta. A ƙauyenmu, can wajen Ringim, ajiye ta ake yi. In an ci tuwo bayan magariba, kakata Iya Tabawa ta zauna bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta har itacen ya cinye. Sannan ta zaɓi garwashi guda ta binne shi cikin toka, ta danna da tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya. Da asuba a tone a hura. Gidan da tasu ta mutu su aiko a ɗebar musu.

Da yake jika mijin kaka ne, ni take tsokana.

"Maigida, ja baya. Ba ka kawo cefane ba, amma ka fi kowa tare wuta."

"In kin gaji da auren ki faɗa, Iya."

"Wa zai kwashe ka in na bar ka? Ku matsa, ga wata nan tafe da sandarta."

Mu ce, "Ta zauna, muna ji."

Akwai tatsuniyar da ta yi mana sau ɗaya tak, a damina, shekarar da ta binne autanta. Ta ce an yi wata mace, Larai. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi cin rani bai dawo ba, gara ta cinye rumbu. Larai ta shimfiɗa tabarma ta kwanta, ta ce ita kam ta gama. Sai aka shiga marka, ruwa ba dare ba rana, har wutar garin kaf ta mutu. Yara na kukan yunwa, ga gero, babu abin dafawa. Aka bi gida gida ana tonon murhu, har aka zo nata.

Daga kwance ta ce musu, "Babu komai a gidan nan. Ko ni ba na nan."

Suna shirin fita sai kazarta ta tona toka, ga wani ɗan ja kamar ƙwayar gero. Ashe ranar da ta kwanta hannunta ya binne garwashi, bai yi shawara da ita ba. Maƙeri ya ruga ya ɗauko zugazugi, samari suka cika kumatu. Wata tsohuwa ta tare su, ta ce wannan in mai ƙarfi ya hura shi watsewa zai yi, a nemo wanda numfashinsa ya kusa ƙarewa. Duk garin babu kamar Larai. Ta rarrafo, ta sa ɗan ƙaiƙayi, ta hura da ɗan abin da ya rage mata. Ya kama.

Iya ta jawo tsingaronta.

Na ce, "To ɗan nata ya dawo?"

"Ban ce ba. Na dai ce ranar ta sha kunu."

Na ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, babu kura, babu auren ɗan sarki, an cuce mu. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Za ka girma, Maigida, in ka samu hali. Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Na samu halin. Bara Hajara ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Matar da tun da na auro ta ban taɓa ajiye hula daidai ba a wajenta, sai ga ta tana kallon rufin ɗaki kawai. Ni ne wanka, ni ne juyi, ni ne ba da abinci. 'Yarmu tana zuwa daga Badawa in ta samu sarari, amma ita ma da nata 'ya'yan. Akwai gajiyar da barci ke maganinta, akwai wadda kake tashi da ita. Na kai in tsaya salla in rasa raka'a ta nawa nake. Masu zuwa dubiya su cika ni da nasiha, manya manya, duk gaskiya ce, amma ko ɗaya ba ta shiga.

Sai ƙanenta Malam Isa ya zo daga ƙauye. Ya ce, "Yaya, ka yi iya yinka, Allah ya gani. Ka ba mu ita mu tafi gida, can mata sun fi yawa."

Na ce ya dawo bayan Juma'a. Na san in ta hau motar nan, da wuya mu sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Na kuma san bakina ya riga ya shirya cewa to.

Ranar Juma'ar da safe na dama wa Hajara koko, hankalina ba ya jikina, ya yi gudaji. Na tallafo kanta na ba ta. Ta tauna, ta tsaya. Ta juyo da idonta guda mai lafiya ta dube ni sama da ƙasa. Sai ta yi tsaki.

Ɗan siriri ne, da rabin baki. Amma shi ne, wanda na sha tun ina saurayi. Na ajiye kofin, na ce, "Ashe kina ciki, uwar 'yan gyara." Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abin da ba zan rubuta ba, don ni babba ne.

Da Malam Isa ya dawo na ce masa, "In akwai mace mai hali a gida, ku turo ta ta kama mini. Amma yayarka tana nan. Ba mu gama faɗa ba."

Kada wani ya ce na ce ta warke. Ba ta warke ba, gajiyar ma tana nan inda take. Sai yanzu na gane Iya ba mu take yi wa tatsuniyar nan ba, mu dai mun tare wuta ne. Na kuma gane dalilin da ya sa ba ta dawo da ɗan ba. Allah ya ji ƙanta, ba ta yi wa yara ƙarya ba.

Yanzu hannuna ya faɗa, ina iya dama koko sumul, ko kukun Alhaji ya shaida. Amma kullum da safe sai na bar gudaji ɗaya a ciki, in tallafo kanta, in jira.