Mama Scholastica da Man Shafawar Malam Nuhu

Kafin a buɗe tagar ba da magani a ɗan asibitinmu na Nasarawa, Mama Scholastica ta riga ta goge ma'auninta da farantin da take kwaɓa magani a kai. Haka muka taso muka gan ta, ga shi a ƙarshen wannan shekara ta 1987 za ta ajiye aiki.

Ni mutum ne mai shegen bin diddigi, ita kuma ba ta gajiya da amsa. Wata rana na tarar tana kwaɓa wani man shafawa garai-garai mai yauƙi kamar kuɓewa, na ce, "Mama, wai me ke cikinsa?"

Ta ce, "Maganin kansa kashi biyu ne cikin ɗari, eritromaisin, shi ke kashe ƙwayoyin cuta. Sai garin da ke ba shi kauri. Sauran duk sipirit ne, don maganin ba ya narkewa a ruwa."

Wannan sipirit ɗin ne ya kusa hana Malam Nuhu warkewa. Tela ne a unguwar Makera, ƙurajen aski suka ci masa haɓa har suna fitar da mugunya, masu kawo ɗinki suka fara ja da baya. Likita ya rubuta masa man. Yana buɗe kwalbar a bakin taga ya ture ta.

"Madam, wannan ai warin giya yake. In shafa a fuska in tsaya salla? Gara haɓar ta ruɓe."

Waɗanda ke layi sun ce ko murmushi ba ta yi ba. Ta tafi wajen likita ta tambaya ko maganin yana da ɗan'uwa mai narkewa a ruwa. Ashe akwai, kilindamaisin. Likita ya sake rubutu, ta kwaɓa a gaban Malam Nuhu, tana faɗa masa sunan duk abin da ta zuba.

"To, sansana, Malam."

Ya sansana, ya sa a aljihu.

Ke ce, Mama, mai zuwa coci ranar Lahadi, da kika ɗauki sallar wani da nauyi. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi sanyi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaji tagar nan, ku tambayi mutum dalilinsa kafin ku kira shi mai taurin kai.

Haɓar Malam Nuhu ta warke, har ya tsayar da gemu. Rigar da za ki sa ranar bankwana kuwa, ya rantse ba mai ɗinka ta sai shi.