Ciwon Kansila, Birin Kawu Tanimu

Kawu Tanimu, Allah Ya jiƙansa, ba ya amsa gaisuwar kowa sai an fara gaida birinsa. Ku da kuka zauna unguwarmu a Malumfashi kun san ban ƙara gishiri ba. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka ce ina kwana, sai ya nuna maka gindin darbejiya da leɓe ya ce, "Babban na can." Dole ka juya ka gaida jan biri, kai da gemunka. Ni Lawal, ɗan ƙanwarsa, shekara goma sha ɗaya ina wannan gaisuwar, kuma lokacin haushi take ba ni ba kaɗan ba.

A gonarsa ta hanyar Kafur ya kama shi, shekarar da matarsa ta rasu. Birai sun addabi masararsa, sai wani ya ba shi shawarar ya kama ɗaya ya ɗaure a bakin gona, wai sauran za su tsorata. Ya ɗaure. Washegari ya tarar dangi sun zo dubiya, sun zauna kusa da ɗaurarren sun cinye layi uku. Ya kwance shi ya taho da shi gida, ya raɗa masa suna Kansila.

Na ce, "Kawu, me ya sa Kansila?"

Ya ce, "Ka taɓa ganin ya yi aiki? Amma ajiye abinci ka gani."

Su uku ne a gidan: shi, da Kansila, da karensa Barsu. 'Ya'yansa duk suna Zariya, sai da salla ake ganinsu. To Kawu mutum ne da bai yarda akwai abin zubarwa a duniya ba. Turke ɗaya ya kafa wa kare da biri, kasko ɗaya suke ci. Ranar kasuwa kuwa yana tsaye a bayan mahauta, duk tsokar da aka ga ƙullin ruwa a jikinta aka yanke aka yar, sai ya tsince ya zuba a leda.

Mahauci ya ce, "Malam Tanimu, ba a cin wannan fa."

Ya ce, "Na ce maka ni zan ci? Barsu bai san tsada ba, bai san araha ba."

Ɗanya yake jefa wa karen, don dafawa ɓarnar itace ce. Abin da karen ya kasayar kuma, nan ma ba a yi asara ba. Kullum da safe ya share ya zuba a ɗan lambun da ya yi wa Kansila a bayan ɗaki, na karas da gyaɗa. Birin ya tona da hannunsa ya ci da ƙasar da komai. Kawu yana alfahari da wannan tsari har a majalisa, yana cewa gidansa ne kaɗai a garin nan da ba a fitar da shara. Mun sha dariya. Ni kaina sau nawa na ɗauko masa ledar nan a babur.

Bara waccan da damina ƙulli ya fito wa Kansila a hammata, kamar ƙwan zabo. Sai wani a cinya. Na ce a kai shi a duba.

Kawu ya ce, "Ƙiba ce. Kansila ne fa, in bai yi tumbi yanzu ba sai yaushe?"

Wata biyu yana shafa masa man kaɗanya. Sai da birin ya fara karkatar da kai, yana miƙa hannu zai ɗauki gyaɗa yana damƙar ƙasa, sannan Kawu ya aiko a kira ni. Muka hau babur mu uku zuwa Funtua, birin a tsakiya sanye da 'yar rigar da aka yanka daga tsohon zane. Duk garin da muka ratsa sai an nuna mu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Likitar dabbobin mace ce, ba ta da yawan magana. Ta soka allura a ƙullin ta zuƙo ruwa garau, da waɗansu fararen abubuwa a ciki kamar tsakin masara. Ta ce, "Baba, kuna da kare?"

Kawu ya ce, "Biri na kawo miki, kina tambayar kare."

Ta yi masa bayani a hankali. 'Ya'yan tsila ne, tsutsar nan mai faɗi. Kare ya ci ɗanyen nama mai ƙullin ruwa, tsilar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya riƙa fita cikin kashinsa. In biri ya haɗiyi ƙwan, sai ya ƙyanƙyashe ya bi jini ya yi ƙulli duk inda ya sauka. Mutum ma tana kama shi haka.

Kawu ya ce, "To ai Barsu ƙalau yake. Jiya ma ya kori akuya har bakin titi."

Ta ce, "Haka take, Baba, karen ba ya jin komai. Na fata zan iya yankewa. Amma karkatar kan nan, akwai ɗaya a ƙwaƙwalwa, ita ba ni da yadda zan yi da ita. Ina yake samun abinci kusa da kashin karen?"

Na sunkuyar da kai. Kawu ya daɗe yana kallon birin, sannan ya ce, "Ni nake shuka masa."

Muka dawo gida. A ranar ya ɗura wa Barsu maganin tsutsa, ya tone lambun nan kaf ya cinna masa wuta, ya je kasuwa ya sayo sabon kasko ko tayi bai yi ba. Mai tukwane ya biyo ni yana tambaya ko Kawu lafiya. Ba lafiya ba, kuma duk abin nan bai yi amfanin komai ba. Kansila ya makance, ya koma zagaye ta hagu, ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba. Kawu ya daina zuwa majalisa. Ya je wurin liman ya tambaye shi ko za a tsayar da mutum gobe kiyama a kan dabbar da ya ɗaure ya cutar. Liman ya ce Allah Yana duba niyya. Kawu ya dawo ya ce mini, "Niyyata ba ta rage masa ciwon kai ba."

Wata safiya na tarar ya kwance igiyar daga ƙugun birin, ya buɗe ƙofar baya mai kallon gonaki. Ya ce, "Je ka, na sallame ka. Ka yafe mini." Kansila ya tashi ya yi taku uku, ya karkata hagu, ya zagaya, ya sake zagayawa, ƙofa a buɗe amma bai san inda take ba. Ya yi ta yi har ya faɗi a kan ƙafar Kawu. Kwana huɗu ya ƙara a duniya. Kawu ya haƙa rami da kansa, ya hana kowa riƙe masa fartanya.

Shi ma bai ga kakar bana ba. Likitoci sun ce hawan jini ne, ban musa ba. Ranar da na kai shi asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Lawal, in aka tambaye ni, me zan ce?" Har yau tambayar nan tana cina, don ni ma na ɗauki ledar.

Ya Allah, Kai Ka san bai sani ba, kuma Ka ga yadda ya yi da ya sani. Kada Ka tsananta masa tambaya. Ka yafe masa, Ka yafe mana, Ka sa ya huta.